Yini ɗaya a tsibiri: tambayoyin matafiyan Sakkwato kafin sauka daga jirgin ruwan yawon buɗe ido

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu shirin shiga manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke zagaya tsibiran Tekun Indiya, irin su Zanzibar da Morishus da Seshel. Jirgin kan iso tasha da safe, ya tashi da yamma, sai tsibiri na gaba. Mun fi kawo misali da Zanzibar, domin a nan ne Bahaushe zai fi jin kamar yana gida, kuma a nan ne sakin jiki ya fi jawo makara.

Jirgi zai tsaya daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma. Awa goma ke nan a hannuna?

A'a. Cire kusan awa huɗu. Idan jirgi ya iso, ba a buɗe ƙofa sai jami'an shige da fice da na lafiya sun hau sun gama duba takardu, abin da kan ci rabin awa zuwa awa guda. Can kuma ta yamma, lokacin da aka rubuta na tashi ba shi ne naka ba. Naka shi ne lokacin da aka ce kowa ya kasance a ciki, wanda galibi rabin awa ne kafin tashi. In kuwa jirgin a tsakiyar ruwa ya tsaya ana jigilar mutane da ƙananan jirage, to na ƙarshe yakan bar gaɓa tun kafin nan, sau da yawa da awa guda.

Saboda haka daga baya ake fara lissafi. Jirgi zai tashi 6:00, ƙaramin jirgin ƙarshe 5:00, kai kuma ka sa wa kanka 4:00 kana bakin tasha. Da safe da wuya ka taka ƙasa kafin 9:30. Abin da ya rage awa shida da rabi ne, kuma a ciki za ka yi tafiyar mota, ka ci abinci, ka yi azahar, ka yi tsaraba. Duk wurin da ka ƙara a tsarin yinin, fara tambayar kanka minti nawa ne daga can zuwa tasha idan hanya ta cushe.

Da gaske jirgin zai tafi ya bar mutum?

Zai tafi. Wannan ba motar tasha ba ce da za a ce a jira Alhaji yana alwala. Jirgin yana da lokacin da aka ba shi na barin tasha, da matuƙin tasha da zai fitar da shi, da fasinjoji dubbai da ke jiran tsibiri na gaba. Za a kira sunanka a lasifika sau biyu ko uku, sannan a janye tsani.

Hanya ɗaya ce jirgi ke jira: idan kana cikin ayarin yawon da kamfanin jirgin da kansa ya shirya ya sayar maka, kuma motar ayarin ce ta makara.

Wane agogo zan bi, na waya ko na jirgi?

Na jirgi, ko da yaushe. Zanzibar tana gaban Najeriya da awa biyu, Morishus da Seshel da awa uku, Durban ta Afirka ta Kudu, inda wasu jiragen ke tasowa, da awa ɗaya. Wani kyaftin yakan sauya agogon jirgi ya dace da na tsibirin, wani kuma ba ya sauyawa. Wayarka ita kuma da zarar ta kama layin garin sai ta gyara kanta ba tare da ta faɗa maka ba. Ɗaura agogon hannu na gargajiya, ka saita shi da allon da ke bakin tsanin sauka, ka ɗauki hoton allon, domin a jikinsa ake rubuta lokacin dawowa.

Zanzibar tana da wani tarko na daban. Masu jin Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, don haka agogon bakinsu ya bambanta da namu da awa shida. Ƙarfe 7 na safe su ce “saa moja”, wato awa ɗaya. Ƙarfe 4 na yamma “saa kumi” ne, awa goma. Ka ɗaga wa direba yatsu huɗu, yana iya fahimtar “saa nne”, ƙarfe 10 na safe. Rubuta masa 16:00 a takarda, ka nuna masa a fuskar agogo, ka sa ya maimaita.

Mene ne bambancin jirgi ya jingina da tasha da kuma ya tsaya a ruwa?

Idan tashar tana da zurfi da faɗi, jirgin yakan matso ya jingina, a sa tsani, ka fita da ƙafarka duk lokacin da ka ga dama. Fot Luwi, babban birnin Morishus, da Biktoriya ta Seshel haka ake yi. Manyan jirage a Zanzibar kuwa sukan tsaya nesa da gaɓa, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage masu rufi, galibi waɗanda ke rataye a gefen jirgin don ceto. Tafiyar kanta minti 10 zuwa 20 ce. Layi ne ke cin lokaci.

Akan raba tikiti mai lamba da sassafe, a riƙa kira rukuni rukuni, kuma waɗanda suka sayi yawon kamfanin jirgi su ake fara saukewa. In kai kaɗai za ka fita, je ka karɓi tikitin da zarar an fara rabo. Wajen tsallakawa cikin ƙaramin jirgin, ruwa na ɗaga shi yana sauke shi, don haka a saki hannu biyu, jaka a baya, a kama hannun ma'aikacin da ya miƙo. Babbar riga da dogon hijabi mai jan ƙasa suna harɗe ƙafa a nan. A tattare su kafin a taka. Mai jin jiri a ruwa ya sha maganinsa awa guda kafin nan, ya zauna inda iska ke shigowa yana kallon nesa.

Fasfon Najeriya ne da ni. Ina bukatar biza don yini ɗaya kacal?

Kowane tsibiri da dokarsa, kuma dokar kan sauya, don haka nemi amsa a rubuce daga kamfanin jirgin da ofishin jakadancin ƙasar, tasha bayan tasha, kafin ka biya kuɗin tafiya. Kada ka dogara da abin da aka rubuta wa Turawa. Tanzaniya, wadda Zanzibar ke cikinta tun 1964, tana sa 'yan Najeriya cikin waɗanda ba a ba su biza a bakin iyaka: ta intanet ake nema, a jira amincewa, kuma yana da kyau a fara da aƙalla wata biyu. Wanda ya ce ai shi ba zai sauka a can ba, ya sani kamfanin yana iya hana shi hawa jirgin tun daga tashar farko idan takardar ƙasa ɗaya ta gaza.

Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa, da shafuka marasa tambari. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake nema daga duk wanda ya fito daga Najeriya. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, daga nan kuma yana aiki har ƙarshen rayuwa.

Zan fita da fasfo ɗina ko in bar shi a ɗaki?

A wasu tafiye-tafiyen jirgin ke riƙe fasfon kowa, jami'ai su buga tambari a can. Takardar shirin yini da ake sa maka a ɗaki da dare za ta faɗa ko ana bukatar ka riƙe shi. In ba a bukata, kulle shi a akwatin ajiya na ɗaki, ka fita da kwafinsa da katin ɗakinka, wanda ake gogawa a na'ura wajen fita da shiga. A wannan takardar ce kuma ake rubuta suna da lambar wakilin jirgi a tashar. Ɗauki hotonta, ka kuma rubuta lambar a 'yar takarda ka sa a aljihu, saboda caji na ƙarewa.

In sayi yawon kamfanin jirgi ko in nemi direba da kaina?

Nisa ne ke yanke hukunci. Abin da ke kusa da tasha, ka je da kanka. Abin da ya kai tafiyar awa guda a mota, ko wanda sai an sake shiga kwale-kwale, ka biya na kamfani, duk da tsadarsa takan ninka ta waje. Kuɗin da ka ƙara na jiran da jirgi zai yi maka ne.

In direba ka ɗauka, a gama ciniki kafin a shiga mota: kuɗin na motar duka ne ko na kowane mutum, zuwa da dawowa ne, awa nawa zai jira, da wane kuɗi za a biya. Kada ka biya duka sai ya sauke ka a tasha. Ɗauki hoton lambar motar. A bakin tashar Zanzibar za ka tarar da samari masu tallar kansu, waɗanda mutanen garin ke kira “papasi”, wato kaska, kuma sunan ya dace da su. Ka ce “hapana, asante”, a'a na gode, kana tafiya ba tsayawa. Motocin haya na gari, dala-dala, suna da arha amma sai sun cika suke tashi, su kuma tsaya ko'ina. 'Yan kabu-kabu, da suke kira boda-boda, a bar su. Karaya a ƙasar da ba taka ba tana kashe tafiya gaba ɗaya.

A tsibiran nan uku hannun hagu ake tuƙi. Wajen tsallaka titi dama za ka fara duba.

Me ya kamata a gani a Zanzibar cikin awa shida?

Zaɓi abu ɗaya babba da ƙarami ɗaya. Masu son haɗa huɗu su ne ke wuni a cikin mota.

Tsohon gari, Mji Mkongwe, yana nan dab da tasha, kuma tun 2000 yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, gidajen dutse masu hawa biyu da uku, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyi a samansu. A bakin ruwa akwai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, kusa da ita Beit al-Ajaib, ginin Sarkin Zanzibar Barghash na 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020. Ciki kaɗan akwai inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, da ɗakunan ƙasa da ake nuna wa baƙi. Coci ne a wurin yanzu. Sai kasuwar Darajani, inda ƙamshin kanumfari ke gauraye da ƙarnin kifi. Awa uku a ƙafa sun isa wannan duka. Za ka ɓata a lungunan, kowa ma yana ɓata. Tambayi hanyar Forodhani, filin da ke bakin ruwa, daga can tasha tana gani. Shahararriyar kasuwar abincin Forodhani sai da magariba take ci, lokacin da jirginka ya riga ya ɗaga, don haka kada ka sa ta a lissafi.

Gonakin kayan ƙamshi na wajen Kizimbani kusan rabin awa ne a mota. A can za ka ga kanumfarin da ake sa wa kunu da zoɓo yana kan bishiyarsa, a kankaro maka ɓawon kirfa, a nuna maka masoro yana hawa itace kamar wake. Tsohon gari da safe, gona bayan azahar, wannan tsari ne mai kyau ga iyali.

Tsibirin Changuu yana da manyan kunkuru da aka kawo kakanninsu daga Seshel a 1919, kuma kwale-kwale mai inji yakan kai cikin kusan rabin awa. Da safe ake zuwa. Kada ka shiga wanda ba shi da rigar kariya ga kowa, ko wanda aka yi wa lodi. Wanda ya san labarin kwale-kwale a Gulbin Rima ba sai an yi masa dogon bayani ba. Dajin Jozani mai jajayen birai kusan awa guda ne. Gaɓar Nungwi, can ƙuryar arewa, awa ɗaya da rabi ce zuwa, haka dawowa, kuma ita ce ta fi sa mutane gudu a bakin tasha.

Morishus da Seshel fa?

A Fot Luwi, babbar kasuwa da Masallacin Juma'a, wanda aka fara ginawa a shekarun 1850, da Aapravasi Ghat, inda aka riƙa sauke 'yan ƙwadago daga Indiya, duk suna kusa da juna. Lambun tsirrai na Pamplemousses yana arewa, bai kai rabin awa ba idan hanya ta sake, amma cunkoson birnin da yamma ba wasa ba ne. Biktoriya ƙaramin gari ne da za ka zagaye a awa biyu, sai ka haura tudu zuwa gaɓar Beau Vallon.

Yaya batun salla?

Abu na farko, manta da gabas. A Sakkwato mutum ya fuskanci gabas ya tayar da kabbara, amma Zanzibar tana kudu da Makka kusan sak, don haka alƙiblarta arewa ce. A Morishus da Seshel arewa ce mai karkata yamma. A Zanzibar masallatai suna kowane lungu, galibin mutanen Shafi'awa ne, akwai kuma masallatan Ibadawa 'yan asalin Oman. Mata su tambaya kafin su shiga, domin ba kowane ƙaramin masallaci ke da sashensu ba.

Matafiyi yana ƙasaru. Haɗa salla biyu kuwa, littattafan Malikiyya sun bambanta tafiyar tudu da ta ruwa, saboda haka a zauna da malami kafin a bar gida. Idan ranar ta faɗo Juma'a, shaguna da yawa sukan rufe da tsakar rana, direbanka ma masallaci zai tafi. A sa wannan awa a lissafi. Da azumi ba a cin abinci a fili a Zanzibar, gidajen abinci da dama kuma a rufe suke har yamma.

Mu da muka saba da zafin Sakkwato, ranar tsibiri za ta dame mu?

Za ta dame ku ta hanyar da ba ku saba ba. Zafinmu na bazara yana wuce digiri 40 amma busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Can digiri 30 zuwa 32 ne da laima, gumi ba ya bushewa, riga ta manne a jiki, mutum ya gaji bai ankara ba. Kowa ya riƙe ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, da ƙunshi biyu na gishiri da sukari. Yadi mara nauyi na auduga ya fi shadda mai sitati. Baƙar fata ma tana ƙonewa a bakin teku, musamman wuya da hanci da bayan ƙafa, don haka a shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake bayan awa biyu. Morishus da Seshel ba su da zazzaɓin cizon sauro, amma akwai zazzaɓin dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo.

Ban iya ruwa ba. Zan iya shiga teku?

Iyakar gwiwa, inda akwai mutane. Teku tana da igiyar da ke ja daga gaɓa zuwa ciki. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita, ya bi gefe, ya ɗaga hannu. A ƙasa kuma akwai wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi kamar bushiya, ƙayar tana karyewa a cikin tafin ƙafa, don haka a sa takalmin roba. A gabashin Zanzibar ruwa kan janye nesa sosai na wasu sa'o'i, ka yi tafiyar awa guda ka tarar da taɓo da ciyawar ruwa. Duba jadawalin cika da janyewar teku na ranar kafin ka ɗauki mota.

Kuɗi fa, da waya?

Naira ba ta da amfani a can. Canza dala tun daga gida, ƙanana, na 1 da 5 da 10 da 20, sababbi marasa yaguwa, domin tsofaffin bugu ana ƙin karɓa. Da sauka ka canza kaɗan zuwa shilin ɗin Tanzaniya ko rupin Morishus ko na Seshel, iyakar abin da za ka kashe a yinin. Tambayi bankinka ko katinka na aiki a waje da iyakar abin da zai iya cirewa. Raba kuɗin aljihu biyu.

A kan teku sa waya a yanayin jirgin sama, domin layin jirgi ta tauraron ɗan'adam yake bi, yana iya cinye kuɗinka cikin mintuna. Sauke taswirar tsibirin a Google Maps tun kana da intanet, ka sa alama a ƙofar tasha.

Zan iya fita da kilishi da goro?

Ba a sauka da nama ko 'ya'yan itace ko tsirrai daga jirgi, kuma ana cin tara. A bar su a ɗaki, a fita da biskit da ke rufe a ledarsa. Tanzaniya ta hana jakar leda tun 2019, a ɗauki ta yadi. A Zanzibar abinci halal ne kusan ko'ina: filau, biryani, gasasshen kifi. A Morishus a tambaya, ko a ci dholl puri, wata 'yar fanke mai laushi da wake. A Seshel kifi ya fi kwanciyar hankali. Duk inda kake, ci abin da aka dafa a gabanka da zafinsa, ka guji ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba. Ɗanyar kwakwa da aka fasa a idonka ba ta da matsala.

Wajen tsaraba, kanumfari da kirfa da turaren wuta da zannuwan kanga sun isa. Ciniki kamar na Tsohuwar Kasuwa ne: “bei gani” nawa ne, “punguza” rage. Kada ka sayi ƙoƙon kunkuru ko murjanin teku ko hauren giwa, ƙwacewa za a yi.

Zan tafi da Hajiya mahaifiyata da ƙananan yara.

Tambayi kamfani tun farko waɗanne tashoshi ne ake jigila da ƙaramin jirgi, domin keken guragu ba ya shiga idan ruwa na motsi. Maganin hawan jini da na suga su kasance a jakar hannu, cikin kwalinsu, da takardar likita. Kowane yaro a sa masa 'yar takarda a aljihu mai sunan jirgi da lambar wakili. Mai juna biyu ta sani yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta zai kai sati 24 kafin a gama tafiya. Asibitin jirgi da dala ake biya, saboda haka a sayi inshorar tafiya mai ɗauke da jinya.

Idan an fasa tsayawa a tsibirin fa?

Yana faruwa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwa ne a wajen Morishus, Zanzibar kuma ruwanta mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu yake. Idan teku ta yi tsauri kyaftin yakan wuce. Kamfani zai mayar da kuɗin yawon da ka saya a wurinsa. Na waje sai in kun yi sharaɗin haka a rubuce. Watannin tafiyar kuma sun haɗu da hazon hunturu, wanda ke hana jirgin sama sauka a filin Sultan Abubakar III. Bar Sakkwato da rarar kwana biyu, ka kwana a garin da jirgin ruwan zai tashi.

To in ƙaddara ta sa na makara?

Kira wakilin jirgi tun kana kan hanya, ka faɗi sunanka da lambar ɗaki da inda kake. Minti goma da aka san da su sun fi minti biyar da ba a san inda kake ba. In jirgin ya tafi, akan buɗe akwatin ɗakinka a bar wa wakilin fasfonka, shi ya sa ake so a ajiye shi a nan kada a tura shi ƙarƙashin kaya. Daga nan otal da tikitin zuwa tasha ta gaba daga aljihunka ne, kuma sai kana da bizar ƙasar da za ka bi jirgin. Ofishin jakadancin Najeriya yana Darussalam, kusan awa biyu daga Zanzibar a jirgin fito mai gudu.